Wa ya sha wutar gidan Malam?

Azumin shekarar 2024 ya faɗo cikin watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da bazara take kama ƙarfi a Maraɗi. Ana saura ƴan kwanaki a yi salla, da la'asar sakaliya, Malam yana zaune a zauren gidansa na unguwar Zariya yana jiran kiran magariba, sai ƙaramin ɗansa ya miƙo masa takardar kuɗin wuta, wadda kowa ke kira faktir. Ya karɓa ya tura aljihu bai duba ba, domin ya san abin da ya saba gani: jika 14 ko 15 a lokacin sanyi, jika 21 idan zafi ya tsananta. Sai da ya sha ruwa, ya yi salla, ya sanya tabarau, sa'an nan ya warware takardar. Jika 41 da ƴan kai aka rubuta.

Malam akawu ne a wani biro na gwamnati, ya shekara 26 yana tara lamba yana ɗebewa. Albashinsa sananne ne, kuma kowace dala da ke ciki tana da inda za ta tun kafin ta iso: buhun hatsi, kuɗin lakwal, ɗinkin salla da tela ya riga ya yanka, zakkar kono, da ɗan abin da ake aika wa tsohuwa a ƙauye. Jika 20 da suka ƙaru ba su da gurbi a cikin wannan lissafi. Ɗan kasuwa in wuta ta yi masa tsada yana iya ƙara dala biyu bisa kaya, mai saye ya biya. Ma'aikaci ba ya da wanda zai ɗora wa, sai cikinsa da na iyalinsa.

Zarginsa na farko bisa kamfanin wuta ya faɗa, kamar na kowane maigida. Ko dai mai karanta lamba bai zo ba, ya zauna gindin bishiya ya rubuta abin da ya ga dama, ko kuwa kontar ɗin ne, wato ma'aunin wuta, ya haukace. Daren nan ya ɗauki tocila ya haska fuskar kontar da ke bangon zaure. Faktir ta ce tsohuwar lamba 8412, sabuwa 8802, tsakaninsu kilowat 390 cikin kwana 30. Kontar kuwa, kwana 5 bayan ranar da aka karanta shi, yana nuna 8867. Ba a yi masa ƙari ba ke nan. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne kilowat 65 ɗin da suka hau cikin kwana 5, wato 13 kowace rana. Duk abin da ya sha wutar watan jiya yana nan yana sha.

Akwai wata ɗabi'a ta Malam da uwargida ta daɗe tana yi wa dariya: ba ya jefar da takarda. Faktir ɗin shekara da shekaru suna cikin wata tsohuwar jakar fata, a jere wata bayan wata. A daren nan jakar ta biya kuɗin ajiyarta. Ya ga a watannin sanyi gidan kan sha kilowat 170 ko kusa da haka, ya ga kuma a watan Maris na 2023 an sha 230. Wannan shi ne awon da ya dace, gama ba a gwada watan zafi da watan sanyi, sai da ɗan uwansa na bara. Zafi ya ɗauki nauyin kilowat 60. Saura 160 da ba su da mai su. Ya lura da wani abu kuma: wutar da aka sha ba ta ninka ta bara ba, amma kuɗin sun kusa ninkawa. Dalili shi ne farashin kilowat hawa-hawa ne. Na farkon suna da sauƙi, waɗanda suka biyo baya sun fi tsada, na can sama sun fi duka, sa'an nan harajin TVA na kashi 19 cikin 100 ya zo ya hau. Wanda ya ƙetare iyaka, kowane kilowat na ƙarshe yana cizonsa fiye da na farko.

Washegari yara ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Aka kafa doka: ba a barin fitila a kunne, ba a kwana da salula a jikin wuta, tele sai lokacin labaru. Malam ya riƙa zagaya ɗakuna yana kashe ampul yana faɗa, har da wadda ke makewayi. Ya ce ga shi ma saboda ɓarnarsu, batiran da ya saya da kuɗi masu yawa don gidan ya riƙa samun haske in an ɗauke wuta, yanzu ko rabin awa ba su kaiwa. Yara suka yi shiru. Bayan kwana 2 ya koma ya haska kontar, ya tarar da wajen 12 a rana. Duk faɗan da ya yi kilowat guda ya sayo masa.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi abin da kontar yake ƙidayawa, domin rashin saninsa ya haɗa magidanta da yawa faɗa da ƴaƴansu a banza. Kowane kayan wuta yana da ƙarfin da yake ja, wanda ake aunawa da wat, kuma galibi an rubuta shi a jikinsa. Abin da ake biya shi ne wannan ƙarfi sau awoyin da kayan ya yi yana aiki. Wat 1000 na tsawon awa guda shi ne kilowat ɗaya na faktir. Ampul irin na yanzu mai wat 9 sai ya yi fiye da awa 100 a kunne kafin ya ci kilowat guda. Ampul 8 na gidan Malam, ko da sun yi awa 6 kowane dare, ba su wuce kilowat 13 a wata. Salula 5 da ake cikawa kullum ba su kai kilowat 3. Dutsen guga mai wat 1000 yana da ban tsoro a rubuce, amma in rabin awa yake aiki a rana, 15 ne rabonsa. Fanka 3 ta sama, kowace wat 70, awa 10 a rana, su ne 63, kusan daidai da abin da zafi ke ƙarawa kowace shekara. Ido yana ganin fitila, shi ya sa ita ake fara kamawa. Mai cin wuta na gaske yawanci ba ya haske ba ya ƙara, sai dai ba ya hutawa dare da rana.

Daga yara sai zance ya koma kan uwargida. Tana da kwanjilatar, babban firigo mai murfi a sama, na hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Da shi take yin ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya, kuma duk wanda ya san Maraɗi da azumi ya san abin da ƙullin ƙanƙara yake nufi da ƙarfe 6 na yamma. Malam ya ce mata, "Hajiya, wannan akwati naki shi ne zai kai mu ƙasa." Ta ce, "Malam, shekararsa 4 a gidan nan, bara ma da shi aka yi azumi. Kuma kuɗin cefanen da ba ka ji an tambaye ka ba tun farkon wata, daga cikinsa suke fitowa." Bai sami abin cewa ba, don maganar bara gaskiya ce, ta cefane ma haka.

Sai ya kai kukansa biro. Da ya ba da labari, wani abokin aikinsa ya tambaye shi ko ya ba wani waya. Malam ya yi jim. Bayan katangar gidansa akwai wata tsohuwa, matar wani amininsa direba da ya rasu shekara 3 da suka wuce, tana zaune da jikoki biyu. Gidan bai taɓa samun kontar ba. Cikin kwanakin zaman makoki Malam ya sa aka ja mata waya ta bisa katanga, don ampul 2 da ƙaramar fanka, kuma bai taɓa karɓar ko dala ba. Ya san doka ba ta yarda da haka ba, ya san in an gani ana iya cin sa tara ko a yanke masa wuta, amma ya rufe ido. Abokin aikin ya yi dariya ya ce ai magana ta ƙare: duk wanda aka ba waya, da ampul yake farawa, da risho na lantarki yake ƙarewa. Risho kuwa yana jan wat 1000 ko fiye, in ana dafa abincin buɗa baki da na sahur a kansa, lissafi ya fita.

Maganar ta zauna masa, gama ta zo daidai da wani abu da ya lura da shi bai ba shi muhimmanci ba. Tun da azumi ya kama bai ga hayaƙi ya tashi daga gidan tsohuwar ba. Da can da la'asar hayaƙin itacenta kan ƙetaro katanga har ya sa shi tari. Yanzu babu. To, da me take dahuwa? Akawun da ba ya sa hannu a takarda sai ya ga shaidar biya, a wannan karo ya yanke hukunci da hayaƙin da bai gani ba. Da yamma ya aiki babban ɗansa ya gaya mata cewa bayan salla za a cire waya, wuta ta yi tsada. Yaron ya dawo ya ce Inna ta ce ba kome, Allah ya saka da alheri, an gode da abin da ya wuce. Malam ya so a ce ta yi musu ko ta yi roƙo. Godiyar nan ta hana shi barci fiye da faktir.

Ranar Asabar ya kira wani matashi mai gyaran wuta, wanda ya yi makarantar koyon sana'a, don ya zo ya cire wayar ya kuma duba gidan. Yaron ya saurari labarin duka, sa'an nan ya ce, "Baba, kafin a yanke kome, ku bari mu tambayi kontar." Ya nuna masa wata ƴar jar fitila a fuskar kontar da take ƙiftawa, da rubutun da ke kusa da ita: ƙiftawa 1000 ita ce kilowat guda. Ma'ana, in an ƙirga ƙiftawar minti ɗaya aka ninka sau 60, an sami wat ɗin da gidan yake ja a wannan lokaci. Wasu kontar 1600 ne ko 3200 a rubuce, sai a gyara lissafin. Tsofaffin nan masu faifai mai juyawa su ma an rubuta yawan zagayen da ke cika kilowat a fuskarsu, sai a ƙirga wucewar jan tabon da ke gefen faifan. Ba a bukatar wata na'ura, agogo da haƙuri sun isa.

Suka fara da sauke disjontar, babban makunnin da ke raba gida da layi. Fitilar ta tsaya cik. Suka jira minti 15, ba ta motsa ba. Kontar ba ya gudu shi kaɗai ke nan, kamfanin wuta ya fita daga zargi. Sai suka bi gidan ɗaki ɗaki, suka kashe kowace fitila da fanka, suka zare duk abin da ke cikin piriz, har da kwanjilatar ɗin Hajiya da firigo da tele. Aka tayar da disjontar. Gidan da ba abin da ke kunne a cikinsa, ya kamata fitilar ta yi shiru. Ta ƙifta. Malam ya riƙe agogo: 4 a minti guda. Ya sake ƙirgawa, 4. Wat 240 suna fita daga gidan da yake a kashe.

"Na faɗa!" in ji Malam. Bai jira yaron ba. Ya sa aka sake sauke disjontar, ya jingina tsani a katanga, ya hau da kansa da azumi a bakinsa, ya kwance wayar tsohuwa. Daga saman tsanin yana hangen tsakar gidanta, ta zauna bisa tabarma a inuwar bango tana yi wa ƙaramin jikan fifita, ba ta ɗaga kai ba. Ya sauko ya ce a tayar. Aka tayar. Fitilar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Ya ƙirga har sau uku, don ya ƙi yarda da idonsa, kowane minti 4 ne.

Mai gyaran ya ce abu biyu suka rage. Na farko, waya ta ƙuje a cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, wuta tana zurarewa, kontar kuwa yana ƙirga ta kamar an yi amfani da ita. Ya ce wannan ya fi faruwa da damina in bango ya jiƙa, kuma yakan nuna alama: ƙofar ƙarfe ko kan famfo ya riƙa jan mutum, ko wani wuri a bango ya yi ɗumi. Ya zagaya ya taɓa ya auna, bai sami kome ba. Sai ya juyo ya ce, "Baba, akwai wani abu a gidan nan da aka haɗa kai tsaye da layi, wanda ba ya da piriz?" Malam ya ce babu. Hajiya, wadda tun ɗazu take tsaye bakin madafa ba ta ce uffan ba, ta ce, "Batiranka fa, Malam?"

Labarin batiran nan kowa ya san mafarinsa. A wancan lokaci yawancin wutar da kudancin Nijar ke sha daga Nijeriya take shigowa, ta Maraɗi da Damagaram kuwa ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta katse wutar a farkon Agusta, kuma sai a farkon shekarar 2024 aka ɗage takunkumin. Cikin watannin nan na duhu, duk mai ɗan hali ya nemi mafita: wani janareto, wani faranti mai ɗaukar hasken rana, wani batir. Malam ya ci bashi ya sayi manyan batir 2 da na'urar da ake kira ondilar, wadda ke cika su in akwai wuta, ta kuma mayar wa gida in an ɗauke. Aka girke su a wani ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano a bayan gida, aka haɗa da layi, aka rufe ƙofa. Ya yi alfahari da su ƙwarai. Gidansa na cikin ƴan gidajen unguwa da fitila ba ta mutuwa, har maƙwabta kan kawo salula. Tun ranar da aka girke su bai sake buɗe ɗakin ba.

Da suka buɗe, zafi ne ya fara tarbarsu, sai wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Yaron ya hana kowa shiga da wuta ko taba, ya bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa, don batir irin wannan in ana dafa shi haka yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Ɗaya daga cikin batiran ya kumbura a gefe, ba a iya ɗora masa hannu. Ya buɗe murafun, ya nuna wa Malam: ruwan ya ƙafe, farantan dalma sun fito fili. Ya bayyana masa yadda abin yake. Batir na mota ko na gida mai volt 12 ɗakuna 6 ne a cikinsa, kowane yana ba da volt 2 da ɗan ƙari. Na'urar cikawa tana duban ƙarfin batir ne, in ya kai inda ya kamata sai ta rage ja ta koma ɗan kaɗan. Idan ɗaki guda ya mutu, batir ba zai taɓa kai wannan matsayi ba. Na'urar kuwa ba ta san ya mutu ba, gani take bai ƙoshi ba, sai ta yi ta ɗura masa wuta dare da rana, wutar tana zama zafi da tururi. Zafin ɗakin kwano yana ƙafar da ruwa, ƙafewar ruwa tana kashe batir, mataccen batir yana ƙara zafi. Da ana duba shi wata wata ana ƙara masa tataccen ruwan batir, da an ajiye shi wuri mai iska, da ya daɗe. A lokacin sanyi yana cika ya tsaya, shi ya sa faktir ba ta nuna kome ba. Bazara ce ta ƙarasa shi.

Yaron ya kwance na'urar daga layi, suka koma zaure. Fitilar ta yi tsit. Malam ya zaro alƙalami ya rubuta a bayan faktir ɗin: wat 240, sau awa 18 da yake ƙiyasin wuta na samuwa a rana, sau kwana 30. Kilowat 130. Ya daɗe yana duban lambar. Ya tuna faɗan da ya yi wa yara cewa su ne suke cinye batir.

Saura 30 da ɗoriya, kuma a nan Hajiya ba ta fita fes ba. Da aka mayar da kwanjilatar, fitilar ta riƙa ƙiftawa sau 3 a minti, wat 180, wanda ba laifi ba ne. Laifin shi ne sun zauna fiye da awa guda injin bai tsaya ko sau ɗaya ba, alhali lafiyayye kan yi aiki ya huta. Mai gyaran ya sa takarda a bakin murfi ya rufe, ya ja, ta zare ba tare da ta turje ba: robar bakin ta saki, sanyi na fita, zafi na shiga. Wurin da injin ke fitar da zafi ya toshe da ƙurar hunturu, an kuma matsa akwatin jikin bango a rumfar da rana ke bugu da yamma. Ga ƙullin ruwa da ake zubawa da ɗuminsu sau biyu a rana saboda kasuwar azumi. A haka yana cin kusan kilowat 97 a wata, maimakon wajen 60. Malam ya tara 130 da 35, ya sami 165, shi kuwa 160 yake nema. Ga lissafin da aka yi da agogon hannu, wannan ya isa a rufe littafi. Hajiya ta ce ta ɗauki kuɗin sabuwar roba, amma a rubuta a san cewa akwatinta ko da yana ci yana kawowa, ba kamar na wasu ba. Malam ya yi kamar bai ji ba.

Mai gyaran yana naɗe kayansa ya tambaya ko a bar wayar maƙwabciya a cire. Malam ya ce a mayar da ita a auna tukuna. Aka mayar, aka leƙa aka roƙi tsohuwa ta kunna duk abin da take da shi. Ta kunna ampul 2 da fanka. Ƙiftawa ɗaya a minti, wat 60 da ɗan kai. In an lissafa awoyin da take kunna su, kilowat 17 ne a wata, abin da bai kai jika 2 ba, kuma yana cikin faktir ɗin bara, yana cikin ta bariya.

Bayan yaron ya tafi, Malam ya tambayi Hajiya, da murya ƙasa-ƙasa, to in ba risho, me ya sa hayaƙi ba ya tashi a gidan. Ta dube shi ta ce, "Malam, ai sai da abin dafawa ake hura wuta." Ɗan tsohuwar da ke aiko mata da kuɗi daga Nijeriya, rufe iyaka da faɗuwar naira sun karya shi, wata da watanni ba abin da ya iso. Tun daren farko na azumi Hajiya take miƙa mata kwano ta bisa katanga, na buɗa baki da na sahur, da ƙullin ƙanƙara guda. Ba ta faɗa ba don tsohuwar ta roƙe ta kada maigida ya ji, nauyin wuta ma ya isa.

Bai aiki yaro ba a wannan karo. Bayan sallar isha'i ya zagaya da kansa ya yi sallama a ƙofar gidan. Ta shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin ampul ɗin da ya kwance da safe. Suka gaisa, ya tambayi jikoki, ya tambayi azumi, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman bashi. Daga bisani ya ce, "Inna, saƙon da yaro ya kawo, a bar shi. Kuskure ne nawa." Ta ce, "Wane saƙo, Malam? Ni ban riƙe kome ba." Ya ce mata wayar bisa katanga ba abin dogaro ba ce, ga doka ga haɗarin gobara, saboda haka bayan salla zai kai takardunta a nema mata ƙaramin kontar nata na kanta, irin na masu shan wuta kaɗan, kuma kuɗin shigarwa a wuyansa. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta haɗa da marigayi, yana sunkuye yana cewa amin.

Jika 41 dai sai da aka biya su. Ɗinkin sallar Malam ya kwana wurin tela har bayan wata guda, ya je idi da rigar bara. Batiran an sayar da su ga masu sayen dalma da kilo, kuɗin bai kai na roba da ladan mai gyara ba, bashin sayensu kuwa yana nan ana cirewa daga albashi. An janye kwanjilatar daga bango an mayar da shi inuwa. Faktir ɗin da ta biyo baya ta zo da sauran ciwon kwanakin farko, ta bayanta kuma ta nuna kilowat 238, cikin tsakiyar zafin watan Mayu. Malam ya sa ta a jakar fata bayan ƴan uwanta. A bangon zaure, kusa da kontar, ya rataya wani ɗan littafi da fensir a jikin zare, kuma ya ɗora wa ƙaramin ɗan nasa aikin rubuta lamba kowace Juma'a in an sauko daga masallaci.